Ba a Fita Daji ba Tukuna: Wata Magana da Likitoci kan Yi da Turanci

    

Yau darasin Turanci za mu yi. Amma don Allah kada wadda ba ta yi boko ba ta ce ba da ita ake ba, ta miƙa hannu ta kashe rediyo. Kalmomi huɗu ne kacal, kuma na zaɓo su ne domin a bakin gadon asibiti aka fi jin su. A gidajenmu kuwa kowa ya sani, maigida shi ke magana da likita, shi ke biyan kuɗin magani, amma ke ce mai jinya. Ke ce ke kwana a kan tabarma a gindin gado, ke ce kuma ke ba da maganin idan an koma gida. Saboda haka abin da likita ya faɗa ya fi shafar ki a kan kowa. Wadda ke da biro da takarda a kusa ta ɗauko, wadda ba ta rubutu kuma ta kira yaro ya rubuta mata.

Abin da ya sa na kawo wannan magana

Shekarun baya an kwantar da ɗan yayana a wani asibiti, yana ɗan shekara uku. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi masa mugun kamu, har da suma da sanƙarewa. Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. A rana ta uku da safe ya buɗe ido, ya gane mahaifiyarsa, har ya ce zai sha koko. Ba sai na gaya muku irin farin cikin da aka yi ba.

Can wajen ƙarfe goma sai ga babban likita ya shigo zagaye da ɗalibansa a baya. Ya duba katin yaron, ya buɗe idonsa ya leƙa, ya duba tafin hannunsa, sannan ya juya ga ɗaliban ya ce musu da Turanci: "He is better, but he is not out of the woods yet." Ya wuce gado na gaba.

Matar yayana ta yi firamare har aji shida kafin a yi mata aure, don haka takan tsinci kalma ɗai-ɗai. Ta ji "better", ta san sauƙi ke nan. Ta ji "out", ta san fita ke nan. Shi ke nan sai ta haɗa biyu da biyu, ta ce an kusa sallamar su. Ta naɗe tabarma, ta haɗa kwanuka da filas, har ta aika gida a gyara ɗaki.

Ita kuwa Inna, mahaifiyarmu, ba ta jin ko "kam". Sai ta jawo wani jikanta ɗan makaranta da ya kawo abinci, ta ce, "Kai, me ya ce?" Yaro ya ce shi dai ya ji an ambaci "wood", kuma a makaranta an ce musu itace ke nan. Inna ta dafe ƙirji ta hau salati. A ganinta wane itace ne kuma za a ambata a kan yaron da ke kwance, in ba itacen kabari ba?

A haka na shigo na same su, ɗaya tana haɗa kaya tana murmushi, ɗaya tana sharar hawaye da gefen mayafi, alhali magana ɗaya suka ji daga baki ɗaya. Matar yayana ta tare ni ta ce, "Yawwa 'yar jarida, zo ki raba mu. Ni na ji an ce fita, Inna ta ce itace." Na ce, "Yaya, me ya ce daidai?" Ta maimaita mini yadda ta iya. Na ce, "Inna, ki share hawayenki, ba maganar mutuwa ya yi ba. Ke kuma Yaya ki shimfiɗa tabarmarki, ba inda za mu. Cewa ya yi yaro ya samu sauƙi, amma bai fita haɗari ba tukuna." Muka je muka tambayi nas, ta ce haka ne, jininsa ne ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa likita ke duba idonsa da tafin hannunsa. A daren nan sai da aka yi masa ƙarin jini. Sai bayan kwana huɗu aka sallame mu. Yaron nan yanzu ya girma, ya fi ni tsawo. Amma har yau nakan tuna, da a ce an biye wa kayan da aka haɗa da safen nan fa?

Kalmomin ɗaya bayan ɗaya

Maganar ita ce: out of the woods. Ga yadda za ki ji ta a kunne: "awut of da wuds". Mu Hausawa da yawa mukan ce "za" a maimakon "da", wato "awut of za wuds". Duk ɗaya ne, kada wannan ya rikita ki.

Out of, ma'anarsa fita daga cikin wani abu, ko kasancewa a wajensa. The, ɗan ƙaramin harafi ne mai nuna abin da aka riga aka sani, kamar yadda muke cewa "dajin" maimakon "daji". Sai woods, kuma a nan ne jikan Inna ya yi tuntuɓe. Gaskiya ne wood na nufin itace ko katako, irin na girki da na kujera. Amma kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato wurin da itatuwa suka yi yawa suka haɗe, abin da za mu kira kurmi ko daji. Idan aka ƙara mata harafin s a ƙarshe aka ce the woods, to kusan kullum dajin ake nufi. Mutanen Ingila na da can sukan ce wood ba tare da s ɗin ba, mutanen Amurka kuma su ce woods, kuma ta Amurkan ce ta fi yaɗuwa a yau.

Idan muka haɗa su ke nan, fassarar kalma da kalma ita ce "an fita daga daji". Abin da ake nufi kuwa shi ne an fita daga haɗari, an wuce wurin da ake jin tsoro.

Daga ina ta samo asali?

Wadda ta taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa Dajin Falgore ba ta bukatar dogon bayani. Kin san yadda mota kan yi tsit idan an shiga, mai hira ya daina, direba ya ƙara wuta, kowa na addu'a a zuci. Sai an fara hango gidaje da masu tallar gefen hanya sannan za ki ji an sauke ajiyar zuciya, hira ta dawo.

To su ma Turawa haka kakanninsu suka sha fama. A zamanin da ake tafiya a ƙasa ko a kan doki ko a keken doki, hanyoyin Ingila da yawa ta cikin dazuzzuka suka ratsa, kuma a nan 'yan fashi ke fakewa. Akwai wani daji kusa da birnin Landan da ake kira Epping, wanda ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi. Fitaccen ɗan fashin nan nasu Dick Turpin, wanda aka rataye a birnin York a 1739, a can ya yi ta ɓarnarsa. Ban da fashi kuma ga ɓata hanya, ga duhu, ga sanyi. Har suna da wani tsohon karin magana mai cewa kada matafiyi ya yi ihun murna sai ya fita daga dajin. Daga nan aka gutsuro wannan magana tamu.

Masu binciken tarihin kalmomin Turanci sun ce a 1792 aka fara samun ta a rubuce da wannan ma'ana, kuma abin sha'awa, a rubutun mace ne. Sunanta Frances Burney, marubuciya ce 'yar Ingila da aka haifa a 1752, wadda ta saba rubuta abin da ta gani da abin da ta ji a littafinta na ajiye labarin yau da kullum. Ita kanta wannan baiwar Allah ta san dajin ciwo. A 1811 a birnin Faris aka yi mata aikin cire nono idonta biyu, domin a lokacin ba a fara amfani da maganin sa barci a wajen tiyata ba. Ta tashi, ta rayu fiye da shekara 28 bayan haka, sai a 1840 ta rasu tana da shekara 87.

Wasu al'ummun ma suna da irin tasu. Jamusawa idan mara lafiya ya wuce haɗari sukan ce ya haye dutse. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke jin Faransanci kuma wataƙila sun taɓa jin an ce "on n'est pas sorti de l'auberge", wato ba a fita daga masauki ba tukuna, ana nufin matsala ba ta ƙare ba.

Fuska biyu na maganar

Yanzu ki kasa kunne da kyau, domin nan ne gishirin darasin. Maganar nan fuska biyu gare ta, kuma ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba su.

Ta farko, idan aka ce: "She is out of the woods." Wannan albishir ne. Ana nufin ta wuce haɗari, ba a jin tsoron rasa ta kuma. Amma lura, ba a ce ta warke ba. Wanda ya fito daga daji ai bai isa gida ba, saura tafiya, sai dai tafiya ce ta cikin mutane. Mai yiwuwa ta ƙara mako guda a asibiti, mai yiwuwa ta yi wata tana shan magani.

Ta biyu, wadda ma aka fi yawan faɗi: "She is not out of the woods yet." Kin ji an ƙara not a gaba, an ƙara yet a ƙarshe. Not shi ne "ba", yet kuma shi ne "tukuna". Ma'ana, ba ta fita haɗari ba tukuna. Wani lokaci mai magana kan haɗiye not ɗin ya ce isn't, wato "izint", don haka idan kunnenki bai kama shi ba, ki saurari yet a ƙarshe. Da kin ji "yet", to da saura.

Sai dai wannan fuska ta biyu ba maganar yanke ƙauna ba ce, kamar yadda Inna ta zata. Galibi ba a faɗin ta sai an ga alamar sauƙi. Likita ba ya cika faɗin ta a kan wanda jikinsa ke ƙara tsanani. Yana faɗin ta ne a kan wanda ya fara farfaɗowa, don kada masu jinya su saki jiki. Kuma kalmar "tukuna" ɗin nan tana ɗauke da fata, wato ana sa ran za a fita.

Da Hausa me za mu ce? Wadda ta fi kusa da ita ita ce "da sauran rina a kaba". Mai yankan kaba ya kori rina, wasu sun tashi, amma kada ya zura hannu gaba gaɗi, akwai sauran masu harbi a ciki. Haka nan mukan ce "tsugune ba ta ƙare ba". Gargaɗin kada a yi saurin murna kuwa, shi ne namu na "ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa". Idan kuma an fita lafiya bayan an sha da ƙyar, sai mu ce "ya tsallake rijiya da baya". Kun ga ke nan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, rigar da ya sa ce kawai ta Turanci.

"Da sauƙi" da "an fita haɗari"

'Yan'uwa, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Mu Hausawa idan an ce "ya mai jiki?" amsa ɗaya ce, "da sauƙi". Ko mutum ya tashi yana cin tuwo, da sauƙi. Ko yana kwance ba ya ko motsi, da sauƙi. Wannan ɗabi'a ce mai kyau ta haƙuri da kyautata zato, ba kuma cewa nake a bar ta ba. Sai dai ba ta gaya wa mai jinya a ina aka tsaya. Ita kuwa wannan magana ta likitoci aikinta ke nan, ta raba tsakanin sauƙi da tsira. Ga wasu wurare da wannan bambanci ke iya zama na rai da mutuwa.

Na farko, zazzaɓin cizon sauro. Magungunan da ake bayarwa yanzu, irin su Coartem, sau shida ake shan su a cikin kwana uku. Sau da yawa tun a rana ta biyu zazzaɓi ya sauka, yaro ya fita wasa. Sai uwa ta ce ai ya warke, ta ɓoye sauran ƙwayoyin don wata rana ko don ƙaninsa. Alhali ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa a jininsa ba. Bayan 'yan kwanaki sai ciwo ya dawo. Haka wanda aka yi wa allurai a asibiti saboda zazzaɓin ya yi tsanani, bayan alluran sai ya sha na baki na kwana uku cur. Yaron da ke wasa a rana ta biyu ya samu sauƙi, amma yana cikin daji.

Na biyu, tarin fuka. Maganinsa galibi wata shida ne. Bayan 'yan makonni tari kan lafa, mutum ya fara cin abinci, ya yi ƙiba. A nan ne mutane da yawa ke ajiye magani. Idan ciwon ya dawo kuwa, yana iya dawowa da taurin kai, maganin farko ya daina yi masa aiki, sai an koma wani mai tsawo da wahala.

Na uku, wanda ya fi shafar mu, haihuwa. Da an ji kukan jariri sai guɗa, sai "barka da arziki, an sauka lafiya". To amma zubar jini mai haɗari ya fi zuwa a cikin awa 24 na farko, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai jego ta zauna a asibiti aƙalla awa 24 bayan haihuwa, ko da lafiya ƙalau ta haihu. Jijjiga ma tana iya kama mace bayan ta sauka, ba sai tana da ciki kaɗai ba. Hukumar ta ce a sake duba uwa da jariri wajen kwana na uku, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Mako shida kwana 42 ke nan, kun ga kusan daidai da arba'in ɗinmu. Ashe iyayenmu da suka ware wa mai jego kwana arba'in ana lura da ita sun san dajin nan. Don haka mai jegon da ta ga jini ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinta na dishi-dishi, ko zazzaɓi, kada ta ce bari a yi suna tukuna. A gaya wa maigida a tafi asibiti a lokacin.

Shi ma jaririn haka. Hukumar ta ce cikin jariran da ke rasuwa a watansu na farko, kusan kashi uku cikin huɗu a makon farko suke tafiya, wato kafin suna ko daidai lokacinsa. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri, ko idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, ba a jira da shi.

Ba a asibiti kaɗai ba

Maganar nan ba ta likitoci ba ce su kaɗai. Za ki ji ta a labaran Turanci na talabijin, za ki gan ta a jaridar da maigida ya shigo da ita, ko a saƙon da ɗanki da ke karatu a wani gari ya turo miki ta waya. Duk inda aka shiga matsala babba, aka fara ganin haske amma ba a kai ƙarshe ba, ana iya faɗin ta.

Ga misali da duk muka shaida. A watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da cutar shan inna ta kama a jihar Kano. Aka shekara ba a sake gani ba a duk faɗin ƙasa, har a watan Satumban 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu. Aka yi murna. Kwatsam a watan Agustan 2016 sai ga ta ta ɓulla a jihar Borno. Ashe ba a fita dajin ba. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar mai yawo ta ƙare a nahiyar Afirka baki ɗaya. Ko bayan haka ma an ci gaba da samun wani nau'inta, abin da ya sa ba a daina ɗiga wa yara rigakafi ba.

A cikin gida ma haka. Maigida ya ci bashi a kasuwa, ya biya rabi, masu bin sa sun ɗaga masa ƙafa zuwa bayan salla. Idan kin ji yana waya yana cewa "We are not out of the woods yet", to ki gane sauƙi ya samu amma aljihu bai koma daidai ba, wataƙila ba ranar kawo maganar ankon biki ba ce. Ko a makaranta an ce ɗanki zai maimaita aji idan bai gyara ba, ya dage ya ci jarrabawar zangon farko, malami ya ce miki "He is not out of the woods yet". Yabo ne da gargaɗi a haɗe, yaro ya yi ƙoƙari amma kada a sassauta masa.

Abubuwan kiyayewa

Ga wadda ke son ta riƙa amfani da ita, ko ta gyara wa 'ya'yanta, ga abu uku. Na ɗaya, ba a faɗin ta a kan ƙaramin abu. Idan miya ta kusa ƙonewa kin sauke, ko mura ta sake ki, ba a nan ake kawo ta ba, sai dai da wasa. Ta abin da ake jin tsoron ƙarshensa ce.

Na biyu, ba a canza mata kalma. Turanci na da wasu kalmomin na daji, kamar forest da bush, amma ba a sa su a nan. Idan kika ce wani ya fito daga bush, a Turancinmu na nan ƙasar sai a ɗauka baƙauye kika kira shi, ki jawo faɗa a banza.

Na uku, akwai masu kama da ita a kunne waɗanda ma'anarsu daban. Out of the blue na nufin kwatsam, ba zato ba tsammani. Neck of the woods kuma unguwa ce ko yankin da mutum yake zaune, ba ruwanta da haɗari.

Akwai kuma wata kalma da ke tafiya tare da ita a asibiti, wato stable, za ki ji kamar "sitebul". Ita ma ba ta nufin an warke. Tana nufin jiki ya tsaya a inda yake, ba ya ƙara lalacewa. Mutum na iya zama stable alhali yana tsakiyar daji.

Ki tambaya da Hausa

A ƙarshe uwargida, ko kin riƙe Turancin nan ko ya zube miki kafin la'asar, ga abin da nake so ya zauna. Likita ya yi Turancinsa da ɗalibansa, wannan tsakaninsu ne. Ke kuma kina da haƙƙin a yi miki bayani da harshen da kike ji, domin ɗanki ne, jikinki ne. Kunya ba ta hana wannan. Cikin ladabi ki ce, "Likita, don Allah a yi mini bayani da Hausa." Idan ba ya ji, ki ce, "Sista, taimaka ki fassara mini." Idan kuma maigida ne ko wani namiji a gidan ke shiga wurin likita, ki ba shi tambayoyin ya tafi da su, ya dawo miki da amsa.

Tambayoyin uku ne. Shin ya fita haɗari, ko da saura? Wace alama ce idan na gani zan kira ku, ko in dawo da shi da gaggawa? Maganin nan kwana nawa zai sha, ko da ya ji sauƙi? Matambayi dai ba ya ɓata.

Mu maimaita sau ɗaya tare kafin mu rabu. Out of the woods, an fita haɗari, amma a ci gaba da magani. Not out of the woods yet, an samu sauƙi, amma ba a fita haɗari ba tukuna, kada a naɗe tabarma, kada kuma a fara kuka.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wadda ta taɓa jin wata magana ta Turanci da ta ɗaure mata kai, a asibiti ne ko a makarantar yara ko a bakin 'ya'yanta, ta aiko mana ko da yadda kunnenta ya ji ne, za mu warware ta tare. Masu jinya a gida da asibiti muna yi muku sannu, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.